Motar marigayi ta mutu min a hanyar Kano, yanzu dangin miji sun ce in sayar

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Mijina ya rasu bara, da aka raba gado sai motarsa Corolla ta 2005 mai giyar otomatik ta faɗo a rabona ni da yaranmu uku. Na daure na koyi tuƙi, ita nake kai yara makaranta in wuce wajen aiki a nan Zariya. Sati biyu da suka wuce muka kama hanyar Kano biki, mun wuce Tashar Yari ba mu kai Kwanar Dangora ba sai na ga hayaƙi na tashi ta gaban motar, na ce bari in lallaɓa in kai gari, can kawai ta mutu murus. Ga magariba ta kawo kai, cajin wayata saura kashi 6, yara sai kuka, ko buɗe bonet ban iya ba. Wani direban haya ne Allah ya kawo ya ja mu. Bakanike ya ce gasket ya ƙone, gyaran ya kusa cinye albashina na wata. Yanzu yayan mijina ya ce mota ba ta mace ba ce, in sayar a ajiye wa yara kuɗin, ni kuma tun ranar in na riƙe sitiyari gabana faɗuwa yake. In sayar ɗin ne Anti?

Maman yara uku, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Kuma sannu da wannan yammaci, mace da yara uku a bakin titi ga duhu na shigowa, duk wadda ta ce miki ita ba za ta tsorata ba to ƙarya take.

Amma zan fara da abin da ba za ki so ji ba, ki yi haƙuri da ni. Motar nan ba mutuwar fuju'a ta yi ba, jinya ta yi a gabanki ba ki gane ba, sannan kika ƙarasa ta da kanki. Gaban sitiyarinki akwai wata allura, gefe guda an rubuta C gefe guda H, kullum in mota ta ɗumama tsakiya take zama ko ƙasa da tsakiya kaɗan, to ina da yaƙinin tun kafin ki kai Tashar Yari ta fara hawa sama tana miki magana, ke kuma idonki na kan titi da agogo. Abin da kika gani ma ba hayaƙi ba ne, tururi ne, ruwan injin ne yake tafasa. Kin ga injin mota wuta ce ke ci a cikinsa ba fasawa, ruwa ne ke zagayawa ta jikinsa yana kwaso zafin ya kai lagireto, iska da fanka su huce shi ya sake komawa. Ranar da ruwan nan ya tsiyaye ko ya daina zagayawa, mintuna kaɗan ne ya rage miki, kan injin Corolla irin taki na alminiyom ne, da zafi ya wuce kima sai ya karkace gasket ɗin da ke tsakaninsa da jikin injin ya ƙone. Da a lokacin da kika ga tururin kika gangara gefe kika kashe ta, wataƙila wata roba ce ta fashe ko fambel, wato bel ɗin da ke juya famfon ruwa, ya tsinke, gyaran da ko kuɗin ankon bikin bai kai ba. "Bari in lallaɓa in kai gari" ɗin nan ita ta cinye miki albashi, kuma ba ke kaɗai ba ce, maza masu gemu da suka shekara ashirin suna tuƙi sun kashe injin da wannan kalmar.

Don haka kafin komai ki koma wajen bakaniken ki masa tambaya guda ɗaya: me ya jawo zafin? Domin gasket ba shi ne mai laifi ba, shi ma cutarsa aka yi. In ya canja gasket bai gano inda ruwa ke yoyo ba, ko fanka ce ba ta tashi, ko famfon ruwa ne ya gaji, ko lagireto ne ya toshe, to wallahi kin biya kuɗin gyara ne kawai, ciwon na nan, wata rana a wani dajin zai sake kama ki. In ya fara kame-kame yana cewa ai Hajiya zafin gari ne kawai, ki nemi wani. Sannan ki tambaye shi me ya zuba a lagireton, don da yawansu ruwan rijiya ko na burtsatse suke ɗurawa, shi kuma wannan ruwan a hankali yake tara tsatsa da ƙanzo kamar gindin buta har ya toshe hanyoyin. Akwai ruwan lagireto na musamman, mai launi, ana sayarwa a galan, shi ya kamata. Ruwan banza na ranar ɓacin rana ne, a zuba a kai gida.

Sai gargaɗin da nake so ki haddace kamar Fatiha: kada ki taɓa buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Ruwan a matse yake, kina murɗawa zai yi tsartuwa ya wanke miki fuska da hannu. A jira aƙalla rabin awa, a ɗora tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan a bar shi ya yi huci tukuna.

To maganar sayarwa. Ni dai ban ga dalili ba a abin da kika faɗa min. Corolla ta wannan zubin tana cikin motocin da suka fi haƙuri da talaka, ba ta shan mai sosai, babu garejin da ba a san ta ba, kayanta kuwa daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna a zube suke. Injinta ma sarƙa ce ke riƙe da taimin, wato abin da ke daidaita bugun injin, ba bel ba, kin huta da wata fargabar da masu wasu motocin ke fama da ita. Ki zauna da biro da takarda ki lissafa kuɗin adaidaita na yara uku zuwa makaranta da dawowa, da naki na zuwa aiki, na wata guda, ki ajiye gefe, ki lissafa mai da juyen baƙin mai da 'yan gyare-gyare ki ajiye ɗaya gefen. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 riƙe mota ya zama aiki, gidaje da yawa sun jingine tasu, in lissafin ya nuna ta fi ƙarfinki to ki sayar ba kunya ba ce. Amma lissafi ne zai sayar da ita, ba tsoro ba, ba kuma wai don ke mace ce ba. Kuɗin da za a "ajiye wa yara" ɗin nan ma, yadda darajar naira take zubewa, nan da shekara biyu ki je ki ga ko zai sayi rabin motar.

Abin da marigayi yake yi wa motar nan wanda ya sa ba ta taɓa kunyata shi ba, ba wani sirrin maza ba ne, 'yan mintuna ne da safe ke kina kicin ba ki lura ba. Ki ware safiyar Asabar, kafin a tayar da ita, tana wuri mai daidai ba gangare ba. Ƙasan sitiyari ta hagu wajen gwiwarki akwai ɗan hannu da ake ja bonet ya saki, ki zagaya gaba ki zura yatsu ki ture ɗan ƙarfen da ya riƙe shi, ki ɗaga ki tokare da sandarsa. Za ki ga wani zobe mai launin rawaya, ki zaro shi, dogon tsinke ne, ki goge da tsumma ki mayar har ƙarshe ki sake zarowa, akwai ɗigo biyu a bakinsa, baƙin mai ya kasance tsakaninsu, kusa da na sama. Ki murza shi a yatsa. In ya yi baƙi ƙirin wataƙila lokacin juye ya yi, in kuma kika ga ya koma kamar shayi da madara to ruwa na shiga cikinsa, ke da aka taɓa wa gasket dole ki sa ido a nan sosai. Ki duba farar robar ruwa ta gefen lagireto, tana da layi biyu ita ma, da ɗan kofin man birki da ke can baya ta ɓangaren direba. Daga nan ki durƙusa ki leƙa ƙasa inda ta kwana. Mota mai lafiya ba ta fitsarin kwance, in ba ruwan AC ba. Shikenan fa. Kafin shayi ya huce kin gama, kuma ki riƙa kiran babban yaronki ya tsaya kusa yana gani.

Juye kuma kada ki jira sai ta fara ƙara, duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, tare da filtarsa. Ki sayi baƙin man da kanki a gidan mai ko babban shago, a rufe, a fasa a gabanki, don na aunawa a kwalba da jabu sun kashe injina ba adadi. Lokacin hunturu ki sa a riƙa ciro filtar iska ana kakkaɓewa, ƙurar nan da ke cika mana hanci ita ma tana shaƙa. Batir a zafin garuruwanmu da wuya ya wuce shekara biyu zuwa uku, ranar da kika ji tana jan numfashi kafin ta tashi da safe to sallama ya fara yi, kuma ki tuna otomatik ba a tura ta ta tashi, sai dai a haɗa mata waya da batirin wata motar. Birki in ya fara ƙara kamar ana goga ƙarfe ba a kwana da shi. Mai kuma ki daina barinsa yana kaiwa ja, famfon man a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, kwatan tanki ya zama shi ne iyakarki.

Bari in ba ki nawa labarin don kada ki zaci ni gwana ce tun asali. Shekarun baya ina hanyar Katsina, na wuce Bichi da kaɗan, taya ta baya ta yi faci. Na fito da ƙwarin gwiwata, ai ina da safaya. Na kwashe kayan but kaf na zube a bakin titi, buhun shinkafa da kulolin abinci har da tabarma, na ɗaga shimfiɗar, ga safaya nan kwance tsaf, na danna ta da yatsa sai ta lotsa kamar burodin jiya. Shekara biyu ina yawo da ita ban taɓa sa mata iska ba. Abin bai tsaya nan ba, wilsifanar ma da na ɗora a kan noti na taka da ƙafa ko gezau, don mai facin da ya ɗaura ta ƙarshe da injin iska ya tamke. Wani dattijo mai keke ne ya ɗaure tayar a bayan kekensa ya kai gari ya dawo, ni ina zaune kan buhun shinkafa awa biyu a rana, akuyoyi na shinshina min kula. Tun ranar duk sanda za a duba min iska taya biyar ake dubawa, kuma akwai guntun bututun ƙarfe kamar kamu ɗaya a but ɗina, in na zura shi a wilsifana notin da ya gagari ƙato ni kaɗai nake kwance shi.

Tunda an zo kan taya, ita ce ke kashe mutane ba injin ba, injin dai aljihu yake kashewa. Ki duba jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. 'Yan rod sefti shekara huɗu suke ba taya, don roba na tsufa ko ba a hau ta ba, za ki ga zanenta raɗau amma gefenta ya yi tsattsage kamar faso. Tayoyin Kwatano da ake cewa sun fi araha da yawansu sun gama rayuwarsu a Turai kafin su iso, araha ba ta ado. Iska kuma masu faci sun saba su ɗura 45 ko 50 wai don ta fi gudu, a watan Afrilu da kwalta ke tafasa wannan neman fashewa ne. Buɗe ƙofar direba ki duba jikin ginshiƙin ko cikin aljihun gaba, akwai takarda manne da kamfani ya rubuta adadin, irin motarki wajen 30 zuwa 32 ne. Ki faɗa wa mai faci adadin da bakinki, ki tsaya ki ga gejin, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.

But ɗinki kuwa daga yau akwai 'yan gida da ba sa fita: safaya mai iska, jak ɗin da kika gwada da hannunki kika ga yana ɗagawa, wilsifana da bututunta, alamar nan mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara waɗanda dama doka ce ko ba don komai ba don 'yan rod sefti, galan ɗin ruwa, lita ɗaya ta baƙin mai, wayar haɗa batir, igiyar ja, tocila, tsumma. Ke mai yara ki ƙara da ruwan sha da biskit da tabarma. Aljihun gaba kuma cajar mota da fawa bank cike, da 'yan kuɗi a hannu don ba kowane daji ke da sabis ɗin tiransifa ba, da takarda da kika rubuta lambobi da biro, ta bakanike, ta ɗan'uwanki, sai 122 ta rod sefti da 112 ta neman agajin gaggawa, duk kyauta ake kiransu. Kashi 6 ɗin nan na wayarki ya fi gasket ɗin ba ni haushi wallahi.

In kuma duk da haka ta sake tsayawa, don mota ce, ƙarfe ne, wata rana za ta yi, ki kunna fitilun nan masu ƙyaftawa biyu, ki gangara ki sauka daga kwalta gaba ɗaya iya yadda za ki iya, ki fitar da yara ta ƙofar da ba ta kallon titi su koma can nesa, kada kowa ya zauna a ciki ko ya tsaya a bayanta, tirela ba ta san kin lalace ba. Alamar ki kai ta baya da nisa, taku hamsin ko fiye, ba dab da bamba ba. Ganyen da mutanenmu ke zubawa yana taimako da rana, da dare ba mai ganinsa. Fitila ja mai kama da butar shayi in ta kama kina tafiya, ta baƙin mai ce, a kashe injin nan take. Mai hoton batir in ta kama ki kalli allurar zafi, don a motarki bel ɗaya ne ke juya caji da famfon ruwa, in ya tsinke duka biyun sun tsaya. Kuma ki guji a ja otomatik da igiya tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa, giyar ke lalacewa, tunda an ja taki ranar ki sa a duba man giyar, ki kuma saurara ko tana fizga in tana canjawa.

Sai dai duk wannan bai kai abu ɗaya ba: lokacin tashi. Me ya kai ki barin Zariya da la'asar da yara uku? Ba a fafe gora ranar tafiya, mota ana kai ta gareji kwana biyu ko uku kafin tafiya, ba da safiyar ranar ba, don in bakanike ya manta bai ɗaure wani abu ba ki gano kina cikin gari. Sannan a fita da hantsi, yadda ko awa uku kika yi a bakin hanya rana na nan, masu faci da bakanikai na buɗe. Biki ba ya gudu.

Yayan mijinki kuma kada ki yi masa tsiwa, baffan yaranki ne, gobe shi zai karɓar musu aure. Ni ina zaton tsoro ne ya kama shi da ya ji 'ya'yan ƙaninsa sun yi magariba a daji, sai abin ya fito masa ta hanyar da maza suka iya. Ki je har gida ki gaishe shi, ki ce Yaya na ji maganarka kuma na gode, na yi kuskure na tafi da yamma ba zan ƙara ba, amma motar ita ke kai yaran makaranta, ina roƙon ka haɗa ni da bakanike mai amana, ko wanda marigayi yake zuwa wajensa, ka kuma riƙa leƙa mana ita. Kin ga kin ba shi matsayi, wanda aka damƙa wa kula da abu ba ya cewa a sayar. In bayan wannan ya ci gaba da matsawa har ya kawo mai saye da kansa, to nan ki sa iyayenki a maganar, gado dai an raba, rabonki naki ne, na marayu kuma ba a taɓa shi sai da abin da zai amfane su.

Ki sayi ƙaramin littafi ki ajiye a motar, duk abin da aka yi ki rubuta kwanan wata da lambar kilomita da kuɗin, kuma duk abin da bakanike ya ce ya canja ya ba ki tsohon a leda. Ranar da ya ga kina rubutu lissafinsa zai canja. Duk wata kuma ki cire wani abu daga albashi ki jefa a asusun mota kamar zubin adashi, ko ba ta nemi komai ba.

Faɗuwar gaban kuwa ba ta tafiya da zama a ɗaki. Ki ci gaba da zirga-zirgarki ta cikin gari, Sabon Gari, Samaru, Tudun Wada, hanyar Kano ki bari sai kin yi wata guda allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, ranar da za ki koma ki ɗauki wani babba a gefenki. Asabar mai zuwa kuma ki sa zanin aiki, ki kira ƙaninki ya tsaya yana kallo hannunsa a aljihu, ki ja birkin hannu ki tokare taya da dutse, ki sassauta notina tun tana ƙasa, ki ɗaga jak ki cire ta ki mayar da kanki a tsakar gida. Ki rubuto min lambobi huɗun da kika gani a jikin safayar marigayi, ina da zato a kansu.